Ƙiba, tafiyar ƙafa da zuciyar Yayana

A Zariya, idan mai ɗan rufin asiri ya taka da ƙafa daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, sai ya sha tambaya kafin ya isa. Mai acaɓa zai rage gudu ya danna masa hon, mai Keke Napep zai leƙo, wanda ya san shi kuma zai taka birki ya ce, "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Idan mace ce abin ya fi haka, don kafin ta koma gida labari ya riga ta, an ga matar wane tana tafiya a ƙasa. Mun mai da tafiyar ƙafa alamar karayar arziki, tumbi da teɓa kuma shaidar cewa hutu ya zauna. Ni malamar sakandare ce, ilimin halittu nake koyarwa, duk shekara sai na zana zuciya a allo da ɗakunanta huɗu. Amma ciwon Yayana ne ya zaunar da ni rubuta wannan.

Yaya ɗan kasuwa ne, yadi da shadda yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Yana saurayi da keke yake zuwa daga cikin birni, da keke yake komawa, jikinsa a murɗe. Da kasuwa ta yi albarka ya sayi babur, daga baya mota, daga nan rayuwarsa ta koma zama: kujerar mota, bencin shago, tabarmar majalisa bayan isha'i. Yaron shago ne ke hawa ya sauko da bandir, shi ne ke zuwa sayo abinci, har alwala a buta ake kawo masa ruwan bakin shago. Da safe masa da miya da shayi mai kauri, da rana shinkafa da lemon kwalba mai sanyi, da dare tuwo, a hanya kuma a tsaya wurin mai balangu. Babu wanda ya ga aibu a ciki. Innarmu, da ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, murna take yi, tana cewa, "Wannan yaro ya yi jiki, Allah ya ƙara rufa asiri."

An gano yana da hawan jini lokacin gwajin lafiyar maniyyata aikin hajji. Ya sha magani na ɗan lokaci, da ciwon kai ya tafi sai ya ajiye, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi. Shekaru suka shuɗe.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ce mini, "Malama, Yayanki fa ba ya iya kwanciya sosai, sai ya jera filo uku, wani lokaci ma a zaune yake kwana." Yakan farka tsakar dare yana neman iska, ya buɗe taga, ga wani busasshen tari. Tazarar da ke tsakanin inda yake ajiye mota da shago ta zama sai ya tsaya ya huta. Takalmin da ya shiga da safe ba ya shiga da yamma. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wani ya ce asma ce, wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wata gwaggonmu ta rage murya ta ce a dai nemi tsari, kasuwa ba ta rasa mahassada. Ranar da na je, na durƙusa na ce, "Yaya, miƙo ƙafar in gani." Na danna babban yatsana a kan ƙashin ƙwaurinsa, na ɗan riƙe, na ɗaga. Ramin yatsan ya zauna a wurin, fatar tana sheƙi, bai cike ba har muka gama gaisawa da yara. Ruwa ne, ba ƙiba ba. Washegari muka tafi Shika.

A asibitin koyarwa aka yi masa hoton zuciya da na ƙirji, aka ba shi gado. Likitan ya ce masa, "Alhaji, zuciyarka ba tsayawa ta yi ba, gajiya ta yi." Yana da shekara 54 a lokacin.

Wannan ciwo, da a gida muke cewa zuciya ta kumbura, likitoci kuma su ce gazawar zuciya, daban yake da bugun zuciyar da ke kayar da mutum farat ɗaya. Zuciya tsoka ce da ke bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, ko mutum na kwance tana tura jini kusan lita 5 duk minti. Idan ta gaza, ko dai tsokar ta saki ta kasa matsa jini da ƙarfi, ko ta yi kauri ta sandare har ta kasa buɗewa ta cika yadda ya kamata. Jinin da ya kamata ya wuce sai ya yi cunkoso a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ya taru a ƙafafu da ciki. Ƙoda kuma da ta ji jinin da ke iso mata ya ragu sai ta riƙe gishiri da ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Shi ya sa kwanciya ke gagara: da mutum ya miƙe, ruwan da ya wuni a ƙafa sai ya koma ƙirji.

To ina ruwan ƙiba da wannan? Mutane na ɗaukar kitse kamar wani kaya da aka ajiye a jiki ba ya cin komai. Nama ne mai rai, da jijiyoyin jininsa, yana neman abinci da iska, kuma zuciyar nan guda ɗaya ce za ta kai masa. Wanda ya taɓa noman rani a bakin kogin Galma ya san abin da ke faruwa idan aka sayi ƙaramin injin ban-ruwa don kadada ɗaya, sannan aka yi ta ƙara masa fili da tsawon tiyo ba a canza shi ba. Zai yi ta yi, yana ɗaukar zafi, har ranar da ruwan zai fara fitowa da kyar. Jiki mai nauyi yana da jini mai yawa, zuciya na tura fiye da ƙima dare da rana, bangonta na kauri, ɗakinta na buɗewa. Sannan ƙiba ba ta zuwa ita kaɗai. Tana jawo hawan jini, tana jawo ciwon suga, tana jawo minsharin nan mai ɗauke numfashi cikin barci, wanda matan aure da yawa sun san shi, suna kwance suna jiran maigida ya ja numfashi na gaba. Kowanne cikin ukun nan shi kaɗai ma ya isa ya gajiyar da zuciya. Kitsen da ya fi illa kuwa shi ne na ciki, wanda ke kewaye hanji da hanta, wato tumbin da muke yi wa kirari.

Lissafin da likitoci ke yi, wanda suke kira BMI, ba shi da wuya, ɗalibaina ma na yin sa a aji. A auna nauyi da kilo, a auna tsawo da mita, a ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. Daga 25 nauyi ya fara wuce ƙima, daga 30 an shiga ƙiba sosai. Mai tsawon mita 1.70 kamar Yaya, ya kai 25 idan ya kai kilo 72, ya kai 30 a wajen kilo 87. Yaya kafin ruwa ya fara taruwa kilo 96 yake. Wanda ba shi da sikeli ya samo zare ko igiya, ya auna tsawonsa daga ƙasa zuwa tsakiyar kai, ya ninka igiyar biyu, ya zagaya ta cikinsa ɗan sama da cibiya. Idan bakin biyu sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce kada kewayen ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum.

Bayan an sallamo shi na zauna na karanta abin da masana suka gano, don ina son in san ko motsa jiki kaɗai ya isa, ko sai an rage nauyi. A garin Framingham na Amurka, inda ake bin lafiyar zuciyar mazauna garin tun 1948, an fitar da sakamako a 2002 kan mutum 5,881 da aka bi kimanin shekara 14. Masu ƙiba sosai haɗarin gazawar zuciyarsu ya ninka na masu matsakaicin nauyi. Duk ƙarin maki ɗaya a ma'aunin nan, wanda ga mai tsawon Yaya kusan kilo 3 ne kawai, yana ƙara haɗarin da kashi 5 cikin 100 ga maza, kashi 7 ga mata.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2009, da aka yi kan likitoci maza 21,094 a Amurka, aka bi su kimanin shekara 20. An tambaye su nauyinsu, an kuma tambaye su sau nawa suke motsa jiki har su yi gumi. Aka ɗauki marar ƙiba mai motsa jiki a matsayin ma'auni. Marar ƙiba da ba ya motsa jiki, haɗarinsa ya ƙaru da kashi 19 cikin 100. Mai ɗan nauyi da ke motsa jiki, kashi 49. Idan ba ya yi, kashi 78. Mai ƙiba sosai da ke motsa jiki, kashi 168. Idan kuma zaune yake, kashi 293, wato kusan ninki huɗu. Ku sake duba jerin nan a hankali. A kowane mataki na nauyi, mai motsi ya fi mai zama, don haka wanda ya fara tafiya ya ga sikeli bai motsa ba kada ya ce wahalar banza yake yi, zuciyarsa na amfana tun kafin riga ta yi masa yawa. Amma mai ƙiba da ke motsa jiki bai ko kusa kamo marar ƙiba ba. Ina jin maza a ɗakin malamai suna cewa, "Ni ai ina buga ƙwallo ranar Asabar, tumbin nan ba komai." A'a, Malam, da komai. Ƙwallon na rage wani abu, tumbin na nan yana cin nasa rabon. Haka siriri ma da ke wuni a kujera kada ya ɗauka ya tsira.

Waɗancan Turawa ne, akasarinsu masu hali, kuma a can ciwon ya fi kama 'yan shekara 70 zuwa sama. Namu ya fi tayar da hankali. A 2012 an wallafa bincike kan marasa lafiya 1,006 da aka kwantar da gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Matsakaicin shekarunsu 52. Babban sanadi kuma hawan jini ne, kusan kashi 45 cikin 100. Ɗan shekara 52 a wurinmu shi ne mai biyan kuɗin makarantar yara, shi ne mai aurar da 'yan mata, shi ke riƙe da iyaye tsofaffi da marayun dangi. Idan ya kwanta, gidaje nawa ne suka kwanta?

Kada kuma wani ya fahimce ni cewa rama nake tallatawa. Garin nan namu yana cikin littattafan likitancin zuciya na duniya saboda wani nau'in ciwon da ba ruwansa da ƙiba. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Farfesa Eldryd Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, aka kuma ƙiyasta cewa a Zariya abin na samun kusan mai jego 1 cikin 100. Sun zargi al'adunmu na jego: kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta har kwana arba'in. Innarmu ta yi duk wannan, ta kuma san matan da suka kumbura suka rasu, aka ce sanyin jego ne ya kama su. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda ya fito a 2020, bai sami alaƙa da waɗannan al'adu ba. Abin da ya samu shi ne rama fiye da ƙima, hawan jinin masu ciki, da rashin ilimin boko da na sana'a. Ke nan matashiyar ƙauye da ke haihuwa ba ta ƙoshi ba tana cikin haɗari, Hajiyar birni da nauyi ya yi wa yawa ita ma tana ciki, kowacce ta nata ɓangaren. Duk da haka ita kanwa sinadarinta ɗan'uwan gishiri ne, mai hawan jini ya yi nesa da ita.

Abin da ke ƙona mini rai a matsayina na malama shi ne 'yan matan da ke sayen ƙiba da kuɗinsu. Da an sa ranar aure sai a shiga gyaran jiki, a kawo ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka. Cikin 'yan makonni fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙawaye na cewa amarya ta yi kyau. Wani ɓangare na cikar nan ruwa ne da jiki ya riƙe, kuma maganin na tayar da hawan jini da suga. Yarinya 'yar shekara 18! Iyaye mata, mu ne ke kai su, mu ne ke biya, mu ne kuma za mu yi jinya.

Yaya yana nan da rai, alhamdulillahi, amma ciwon nan ba a warkewa a ajiye magani, zama ake yi da shi. Yana shan maganin fitsari da na hawan jini da sauran waɗanda aka rubuta masa. Kowace safiya bayan ya zagaya, kafin ya karya, sai ya hau sikeli ya rubuta a bayan littafin bashin shago. An gaya masa idan ya ga ƙarin kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, ya koma asibiti kada ya jira ranar da aka ba shi. An hana shi magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda da yake saya a kemis kamar alewa, don suna sa jiki riƙe ruwa. Yaƙin da ya fi wuya shi ne na tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ke nan, alhali magin da muke jefawa huɗu biyar a miya kusan rabinsa gishiri ne. Matarsa ta koma ga daddawa da citta da tafarnuwa da albasa mai yawa. Ya yi ta mita da farko, yanzu harshensa ya saba, har yana cewa abincin biki ya yi masa gishiri.

Kuma yana tafiya. Da can masu wannan ciwo cewa ake su kwanta su huta. Yanzu likitoci na ba wanda jikinsa ya daidaita shawarar ya riƙa motsawa a hankali. Ya fara da zagaya tsakar gida, ya koma zuwa masallacin unguwa, yanzu yana wuce shi zuwa na gaba. Ya rage kilo mai ɗan dama, na kitse ba na ruwa ba. Wanda ke da haki, ko kumburin ƙafa, ko ciwon ƙirji, kada ya karanta wannan ya ɗaura takalmi ya fita gudu, ya fara ganin likita tukuna.

Ga mu da ciwo bai kama ba, abin da ake nema ba shi da yawa: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar a mako a mafi ƙaranci. Tafiya ce da ɗan sauri, wadda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya jan dogon baiti ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 12 ya nuna cewa mai yin minti 150 ɗin haɗarinsa na raguwa da kimanin kashi 10 cikin 100, wanda ya ninka shi biyu kashi 19, wanda ya ninka huɗu kashi 35. Don haka rabin awar nan mafari ce kawai. Ba sai da kayan motsa jiki na kuɗi ba. A sauka daga Keke kafin a iso, a bar mota a gida ranar Juma'a, a daina aiken yaro abin da ke bayan layi. Lokacin bazara a fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da hunturu a rufe hanci saboda ƙura. Kuma ko kashi 5 cikin 100 na nauyinsa mutum ya sauke, ana ganin bambanci a awon jini da na suga.

Maza dai suna da inda za su. 'Yan Samaru na da harabar jami'a, samari na hawa Dutsen Kufena a ƙarshen mako, ko'ina akwai filin ƙwallo. Matar cikin birni fa? Kakanninmu sun yi daka da surfe da niƙa a dutse da jan ruwa a rijiya. Ba na kewar wannan wahala, ba na kuma fata ta dawo, inji da famfo rahama ne. Amma da aikin ya tafi ba a maye gurbinsa da komai ba, gidajen kuma sun ƙanƙance, tsakar gidan da da ake shanya hatsi an gina ɗakunan haya a ciki. Mace ta wuni tsakanin kicin da falo, ga haihuwa a kai a kai, kowace na barin nata nauyin. Sannan idan ta kai shekara 45 gwiwa na ciwo, jini ya hau, a ce ai jikin girma ne.

A unguwarmu mun sami mafita 'yar ƙarama. Mun roƙi shugaban wata makarantar firamare, ya yarda muna shiga filin bayan sallar asuba. Da hijabanmu muke zagayawa, wasu da kambas, wasu da silifa, ana tafe ana hira, masu azkar na yin abinsu. Akwai wata dattijuwa da ta fara da zagaye ɗaya tana dafa bango, yanzu ita ke buga mana ƙofa. Mazan da suka yi gardama da farko, da aka ce cikin katanga ne kuma mata zalla, sun bari.

Kusan kowace unguwa a Zariya, daga Kwarbai zuwa Gyallesu zuwa Hanwa, tana da makaranta mai fili da katanga da ke kulle a wannan lokaci. Ina roƙon masu unguwanni da shugabannin makarantu su duba wannan, limamai kuma su taɓo shi a huɗuba, don maigidan da ba zai saurare ni ba zai saurari liman. Abin da muke nema shi ne a buɗe ƙofa daga bayan asuba zuwa ƙarfe bakwai, kafin ɗalibai su iso, a kuma bar maigadi a bakin ƙofa.